Gajeriyar daliya daga dankalinta: a Kaduna damina za a bi ko hunturu?

Ƙanwar Malali: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman ilimi a kan daliya, furen nan mai saiwa kamar dankalin Hausa. Gajeriyar nake nufi, wadda za ta zauna a tukunya ko ɗan fili a tsakar gida, a riƙa yankar furenta ana sawa a kwalba ko a sayar wa masu adon biki. Takardar jikin ledar dankalin ta ce a shuka bayan sanyi ya wuce, ta yi fure lokacin zafi. To mu a Kaduna wane wata ke nan? Kuma ta wane gefe ake binne dankalin?

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam 'yata. Mu fara da dankalin kansa, don a nan ake tafka asara tun ba a taɓa ƙasa ba. Kashi uku ne da shi: jiki, wuya da kai. Jikin rumbu ne kawai, abinci da ruwa ke ciki. Wuyan shi ne siririn nan da ya haɗa jiki da gindin tsohon kara. Kan kuwa ɗan kumburin da ke manne da tsohon karan ne, kuma a nan kaɗai ido yake. Kada ki ɗauke shi kamar dankalin Turawa mai ido ko'ina. Ya fi kama da rogo: ki binne saiwar rogo komai ƙibarta, ba za ta tsiro ba. Dankalin daliya marar kai yana iya zama wata uku a ƙasa lafiya lau, har ya yi 'yan saiwoyi, amma ganye ko ɗaya ba zai fito ba. Wanda wuyansa ya karye yana lilo shi ma ki yanke shi ki yar, ruɓewa zai yi ya shafi 'yan'uwansa.

Girma ba shi ne abin dubawa ba. Mai kaurin babban yatsa ya isa, in dai da ido kuma da tauri in kin matsa. Mai laushi ko mai wari ya tafi. In kika ga wani ƙulli-ƙulli mai kaushi a kansa, ko tsiro da yawa sun cunkushe wuri ɗaya sun ƙi miƙewa, cutar ƙwayoyin bakteriya ce, ba ta da magani, kuma tana zama a ƙasa. Ki ƙone shi.

Wajen binnewa kwantar da shi ake yi, ba a tsayar da shi. Ido na kallon sama, ƙasa santimita 10 a kansa.

Malamin Gona na Mando: Baba ya gama da dankali, Allah ya ƙara lafiya. Ni maganar wata zan ɗauka. Takardar nan don mutanen Turai aka rubuta ta, kuma abin da suke kira zafi bai kai zafin daminarmu ba. Asalin daliya tsaunukan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, inda rana ba ta ƙuna kuma dare na da sanyi. Daga can aka kai irinta Madrid a 1789, a 1791 aka raɗa mata suna don tunawa da wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Anders Dahl. Meziko ta mai da ita furen ƙasa a 1963. Na kawo wannan ne don a gane halinta: tana son rana mai digiri 20 zuwa 27, dare kuma ƙasa da 20. Da zarar zafi ya zarce 32 ya daɗe, sai ta tsaya cak, ƙullin fure ya bushe tun bai buɗe ba.

To a Kaduna Maris da Afrilu zafi na wuce 35. Wanda ya shuka a Fabrairu don ya bi takarda, ya kai ta tsakiyar bazara ke nan. Shawarata a shuka daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, in ruwa ya zauna. Tana ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin furen farko, wato tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da zafin rana bai cika wuce 28 ko 29 ba.

Hajiyar Unguwar Rimi: Malam, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Furen da ya buɗe a Agusta ruwan marka ne zai tarbe shi. Daliya mai cikar ganyen fure tana shan ruwa kamar soso, kai ya yi nauyi, wuya ya karye, bayan furen ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Ga daren Agusta ba ya sauka ƙasa da 20 sosai, don haka launi ba ya kamawa. Ka kwatanta da Disamba, da dare ke sauka wajen 14 ko 15: ja ya fito ja, kara ya yi ƙarfi, furen ya fi daɗewa a kwalba. Kuma ƙanwata sayarwa take so ta yi. Yaushe ake rububin biki a garin nan in ba Disamba ba, ga Kirsimeti a kai? A shuka tsakiyar Satumba, a fara yanka daga tsakiyar Nuwamba har Janairu.

Malamin Gona na Mando: Gaskiyarki Hajiya a kan launi da kasuwa. Amma akwai abu biyu. Na ɗaya, dankalin da ake shigowa da shi daga Holan tsakanin Fabrairu da Afrilu yake zuwa, don lokacin shukarsu ke nan. Ba zai kai Satumba a ɗakin Kaduna ba, zai yanƙwane ya mutu. Na biyu kuma shi ne wanda mutane ba su lura da shi: tsawon yini. Daliya tana auna yini. In ya gaza awa 12, sai ta ɗauka lokacinta ya ƙare, ta daina tsawo, ta juya ƙarfinta ƙasa wajen yin dankali. Furen da za ta yi ƙanana ne, tsakiyarsu a buɗe rawaya, ko da irin mai cika ne. A Kaduna yinin Yuni awa 12 ne da minti 40 da 'yan kai, na Disamba kuwa awa 11 da rabi. Gajeriyar da dama ba ta da tsawo, ki sa ta cikin gajeren yini, sai ta yi fure tana taƙi ɗaya daga ƙasa. Me za a yanka?

Hajiyar Unguwar Rimi: Wannan ƙwan fitila ɗaya ke maganinsa. Ƙwai mai wat 9 ko 10 na sola, a rataye shi mita ɗaya saman tukwane, ya haska fili mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A kunna daga magariba zuwa ƙarfe 9 na dare, yini ya koma awa 14 a wurinta. Ba haske mai ƙarfi take buƙata ba, wanda za a iya karatu da shi ya wadatar. Abin da ba ta so shi ne yau a kunna gobe a manta, shi ya sa na ce sola. A fara tun tsiro ya fito, a ci gaba muddin ana son fure mai cika. In ya rage mako 5 ko 6 a tone, sai a kashe fitilar, gajeren yini ya cika miki dankali.

Baba Mai Lambu: Ku biyun kowa ya riƙe rabin zaren, ku ƙulla shi mana. Dankalin da ya zo a Maris ko Afrilu kada a bar shi a leda. A kwantar da shi cikin yashi mai ɗan danshi kaɗan, a ɗaki mafi sanyi a gidan, ya farka a hankali. A Mayu a shuka kamar yadda Malam ya ce, a ƙarƙashin rumfa mai rufin farar leda ko bakin baranda inda rana ke samu amma marka ba ta dukansa. Furen damina riba ce. Babban aikin damina shi ne ninka iri. A Agusta a yanki sababbin rassa masu tsawon santimita 7 zuwa 10, waɗanda ba su yi rami a ciki ba tukuna, a yanka dab da ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a soka cikin yashin rafi mai danshi a inuwa. Mako 2 zuwa 3 sun yi saiwa, don laimar Agusta ita suke so. Waɗannan su ne shukar Satumba ta Hajiya. Uwa ɗaya mai lafiya za ta ba da 'ya'ya biyar ko fiye, kowanne furensa iri ɗaya sak da nata, kuma kowanne zai yi nasa dankalin kafin Fabrairu.

Ƙanwar Malali: Allah ya saka da alheri Baba, yanzu na ga hanya. Ƙasar fa? A Malali jar ƙasa ce mai marmara, in an yi ruwa ta riƙe, in ta bushe ta zama dutse.

Ɗan Kawo: Yaya, kada ki sa dankali kai tsaye a irin wannan ƙasar. Haɗi za ki yi: kashi 2 ƙasar sama mai laushi, kashi 1 yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi 1 takin shanu da ya ruɓe har ya daina wari, kashi 1 ƙonannen buntun shinkafa. Ki jiƙa kaɗan ki dunƙula a hannu. In kin buɗe hannun ya tsaya, kin taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya tsaya kamar yumɓu ƙara yashi.

Tukunya kada ta gaza santimita 30 a faɗi da zurfi, dankali ɗaya tukunya ɗaya. Bokitin fenti mai lita 20 yana yi, a huda gindinsa wuri 8 ko 10 da ƙusa mai zafi, a ɗora kan bulo biyu don ruwa ya zube kuma gara ba ta samu hanya ba. Tukunyar ƙasa ta fi, saboda tana sanyaya saiwa. Baƙar roba ce mafi muni, rana na dafa gefenta. In ita ke gare ki, ki naɗe ta da buhun algarara ko ki shafa mata farin fenti. Mai shuka a ƙasa kuma ya tada kunya mai tudun santimita 25 zuwa 30, tazarar santimita 40 tsakanin shuka da shuka.

Sai babbar doka: bayan an binne, ba a ban ruwa sai tsiro ya leƙo. Ƙasa mai ɗan danshi ranar shuka ta isa. Dankalin ba shi da saiwar shan ruwa tukuna, duk ruwan da aka zuba kwanciya yake a jikinsa ya ruɓar da shi. Yawancin masu cewa an sayar musu da mataccen iri, butar ban ruwa ce ta kashe shi. Tsiro na fitowa cikin mako 2 zuwa 4, wani lokaci ƙasa da haka in dama ya farka.

Mai Ado ta Barnawa: Ku yi haƙuri in shigo da ƙorafin masu saye. Gajeriyar daliya da furen yanka ba su cika jituwa ba. Jerin nau'o'in gajeriyar daliya da ake kira Gallery, irin su Gallery Pablo da Gallery Art Deco, tsawonsu duka santimita 35 zuwa 45 ne. Karan da za a samu a jikinsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Yana yi wa ƙaramin kofi na tsakiyar tebur, amma ba ya shiga damin amarya ko doguwar kwalba. Mu kara mai santimita 35 zuwa 40 muke nema. Don haka ƙanwata, in kasuwa kike so, ki nemi matsakaita. Jerin Melody na kai santimita 60 zuwa 75, har yanzu suna zama a bokiti. Jerin Karma don yanka aka ƙirƙire su, amma suna kai mita ɗaya, sai da turke. Su kuwa Figaro da Unwin da ake shukawa daga ƙwayar iri, na adon bakin hanya ne, a kwalba ba sa jimawa. Siffar fure ma a duba: masu dunƙulewa kamar ƙwallo sun fi daɗewa, masu faɗin faranti sun fi saurin zubewa.

Hajiyar Unguwar Rimi: Kin faɗi gaskiya. Amma rabin tsawon kara a hannun mai lambu yake. Abu uku ake yi.

In shuka ta yi ganye gaɓa 3 ko 4, a katse kan da farce ko reza dab da saman gaɓar ƙarshe. Zai jinkirta fure da kamar kwana 10 zuwa mako 2, amma maimakon kara ɗaya mai kauri da rami kamar hannun ganyen gwanda, sai a samu rassa shida ko takwas sirara masu ƙarfi. Mutane na jin tausayin katsewa, sai su ƙare da fure ɗaya a kan gungume.

Kowane reshe ƙullin fure uku yake fitarwa a kai. A bar na tsakiya, a cire na gefe biyun tun suna kamar ƙwayar wake, a kuma cire tohon da ke hammatar ganyen da ke bi musu a ƙasa.

Na ukun shi ne yanka mai zurfi. Kada a tsinki furen daga wuya. A gangaro gaɓa biyu ko uku a yanka dab da saman ganye, ko da za a tafi da wasu ƙulle-ƙullen. Daga inda aka yanka rassa biyu za su fito, dogaye. Mai yanka sama-sama, kullum karansa ƙara gajarta yake.

Inuwa ma na da hannu: ranar safe zuwa kusan azahar, awa 6, sannan inuwar yamma. Kuma ko gajeriya ce a kafa mata sandar gora ranar shuka, saboda iskar hadarin farkon damina. In aka bari sai ta girma, sandar dankali za ta huda.

Ɗan Kawo: Taki kuma a yi hattara. Yuriya da NPK 20-10-10 na masara ne. A kan daliya ganye za su ba da shar, kara ya yi lagwani, fure ya yi kaɗan, dankalin kuma ya ƙi ajiyuwa. In an samu 12-12-17 shi ya fi, in babu 15-15-15 ya yi. Marfin kwalbar lemo ɗaya, wajen giram 5 zuwa 6, ga kowace tukunya, mako 3 bayan tsiro, a zagaye nesa da kara santimita 10 a rufe da ƙasa a ba da ruwa. A maimaita kowane mako 3 zuwa 4, a daina wata guda kafin tono. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Ruwa a hunturu kullum da safe ga tukunya, har ya ɗigo ta ƙasa. A damina sai an soka yatsa an ji ƙasa ta sha iska.

Malamin Gona na Mando: Kowane lokaci da maƙiyinsa. A damina katantanwa da fara ke cinye tsiro cikin dare, a bi su da tocila a tsince. A hunturu kuwa babban abokin gaba wani jan ƙwaro ne ɗan mitsitsi dangin gizo-gizo, yana zama ƙarƙashin ganye, ƙura da bushewar iska ke sa shi yawaita. Alamarsa ganyen ƙasa ya yi ɗige-ɗige rawaya, ya koma kalar tagulla, sai siririyar yana. Mutane na ɗauka ƙishirwa ce su ƙara ruwa. A kaɗa ganyen kan farar takarda, in an ga ɗigo na tafiya shi ne. A wanke ƙarƙashin ganye da feshin ruwa mai ƙarfi sau 2 ko 3 a mako tun bai yi yawa ba. Maganin feshin wake da aka saba, mai cypermethrin ko lambda-cyhalothrin a jikin kwalba, kada a yi masa da shi: yana kashe ƙwarin da ke cin sa, shi kuma ya ninku. Mai abamectin ke kama shi, a bi ma'aunin da aka rubuta.

Darɓa da farin ƙuda ruwan dogon yaro na rage su: giram 50 na dakakkiyar ƙwallo a lita 1, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Kada a raina darɓa, ita ke yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. Shukar da ta kamu a tuge ta duka da dankalinta, kada a ɗauki reshe a jikinta. Wuƙa ko almakashi a tsoma cikin bilic kashi 1 ruwa kashi 9 kafin a koma wata shukar.

Ƙasar da aka noma tumatir ko kuɓewa a guje ta, tana ɗauke da tsutsar da ke sa saiwa ƙuraje. In babu wata, a nan bazara ke da amfani: a jiƙa ƙasar a Maris, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefe, a bar rana ta dafa ta mako 4 zuwa 6.

Ga mai odar iri daga waje kuma, shigo da dankali ko tsiro na buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. A nemi takardar tun kafin kaya su taso.

Ƙanwar Malali: Na gode Malam. Anti ta Barnawa, yaya ake yankar don ya daɗe? Kwana nawa yake yi?

Mai Ado ta Barnawa: Kwana 4 zuwa 6 in an kula, a ɗaki mai zafi 3. Shi ya sa na gida ya fi wanda ya sha hanya. Daliya ba ta ƙarasa buɗewa a kwalba, don haka a yanka in ta buɗe kashi uku cikin huɗu ko fiye. A juya a dubi bayanta: in ganyen furen na baya sun fara laushi ko bushewa, ta wuce, ba ta sayarwa ba ce. A yanka bayan asuba kafin rana ta ɗaga, da bokitin ruwa a gefe. A zage duk ganyen da zai nutse.

Sai a zuba ruwan zafi mai digiri 70 zuwa 80, wanda ya yi tururi amma bai tafasa ba, zurfin santimita 5 zuwa 7 a roba, a tsoma gindin karan, kan furen ya fi bakin robar tsawo don kada tururi ya dafa shi. A bar shi awa ɗaya ruwan ya huce. Gindin zai canza launi, ba komai. Daga nan a mai da shi ruwan sanyi: lita 1, sukari cokalin shayi 2, ruwan lemon tsami cokalin shayi 2, bilic rubu'in cokalin shayi. A sauya ruwa kullum, a datse gindi kaɗan. A nisanta shi da fanka, taga mai rana, da ayaba ko mangwaro masu nuna.

Hajiyar Unguwar Rimi: Ƙari kaɗan: furen da ba a yanka ba ya tsufa a jiki, a cire shi, in ba haka ba shuka ta koma yin ƙwaya ta rage fure. Ƙullin da bai buɗe ba zagayayye ne mai tauri, wanda ya gama kuwa mai tsini ne da laushi. Da yawa na cire sabo su bar tsoho.

Ƙanwar Malali: Saura ajiya Baba. In Janairu ta wuce yaya zan yi da dankalin har Mayu?

Baba Mai Lambu: A ƙasashen sanyi ƙanƙara ke kashe ganyen, a nan ke za ki kwantar da ita. Farkon Fabrairu, bayan fitila ta yi makonninta a kashe, ki rage ruwa a hankali mako 2, sannan ki daina. Ki sare kara ki bar santimita 10. Hanya mafi sauƙi ki bar dankalin cikin tukunyarsa da busasshiyar ƙasar, ki kwantar da tukunyar a gefe a ɗaki mai duhu da iska, ba mai kwanon rufi a kusa ba. Ƙasar na kare shi daga yanƙwanewa fiye da komai. In tonewa za ki yi, ki shanya a inuwa kwana 2, ki binne cikin busasshen yashi ko dusar katako a tukunyar ƙasa, ki ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa. Sanyin da yake so digiri 4 zuwa 10 ne, wanda aljihun kayan miya na firji ke bayarwa, amma firjin da ke mutuwa yana tashi gumi yake sa shi ya ruɓe, gara tukunyar. Ki leƙa kowane mako 2. Wanda ya fara tamoji ki yayyafa wa yashinsa ruwa kaɗan, wanda ya yi laushi ki fitar.

Rabawa kuma ki bari sai ƙarshen Afrilu, lokacin da idanu suka kumbura kina ganinsu. Wuƙa mai kaifi, kowane yanki da jikinsa da wuyansa da ido ɗaya aƙalla. Ki barbaɗa farar wuta a kan yankan, ki bar shi kwana ɗaya ko biyu a inuwa ya yi ɓawo kafin ya shiga ƙasa. Ki rubuta sunan iri ko launinsa a jikin kowane dankali da alƙalamin da ba ya gogewa, don a Afrilu fari da ja duk kamarsu ɗaya.